Abin da Na Koya daga Littattafan Hoto na Bukukuwan Yahudawa

Littafin hoto na ƙananan yara yawanci shafi 32 ne, kuma kalmominsa ba su cika kaiwa dubu ɗaya ba, saboda haka duk marubucin da ya ƙuduri bayyana wa ɗan shekara huɗu bikin da aka shafe fiye da shekara dubu biyu ana yi, tilas ne ya ajiye mafi yawan abin da ya sani a gefe. Gwanintarsa tana bayyana ne a ɗan abin da ya zaɓa ya bari, da kuma abin da ya sakar wa mai zane. Na fahimci haka ne lokacin da nake karatun aikin laburare a Ingila, aka tura ni koyon aiki a sashen yara na wani ɗakin karatu da ke arewacin Landan, yankin da Yahudawa ke da yawa a unguwanni irin su Golders Green da Stamford Hill. An ɗora mini tantance littattafan bukukuwan addini, in ware waɗanda suka tsufa, in kuma ba da shawarar waɗanda za a sayo, kuma ɓangaren Yahudawa ne ya fi cin lokacina.

Da farko na lura cewa yawan littattafai ba ya tafiya da girman biki. Littattafan Hanuka sun cika kanta maƙil, alhali na Yom Kifur, ranar da Yahudawa suka ɗauka mafi tsarki a shekara, ba su taka kara sun karya ba. Wanda ya auna addinin da abin da ya gani a kantar zai zaci Hanuka ce babban idinsu, kuma ba haka abin yake ba. Ba ta cikin idodin da Attaura ta wajabta, ba a kuma hana aiki a cikinta. Tunawa ce da tawayen Makabiyawa, wasu mayaƙan Yahudawa, a kan sarki Antiyokus na huɗu, da sake tsarkake Haikalin Urushalima a shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa, tare da riwayar ɗan man zaitun da ya kamata ya ƙare a kwana ɗaya amma ya ci kwana takwas yana haskakawa. Abin da ya ɗaga ta a kasuwar littafi shi ne faɗowarta kusa da Kirsimeti, lokacin da iyaye Yahudawa a Amurka da Ingila suke neman abin da za su miƙa wa 'ya'yansu yayin da shaguna da makarantu suka cika da kayan bikin maƙwabta. Ga shi kuma tana da abin zanawa: kyandirori, da soyayyen abinci, da wasa. Yom Kifur kuwa azumi ne na kusan awa 25 da addu'a da neman gafara, kuma azumin ba ya hawa kan yarinya sai ta kai shekara 12, yaro kuma 13. Marubutan da suka fi iya wannan rana su ne waɗanda suka bar majami'a suka bi yaro guda da ya ɓata wa wani rai yana neman hanyar ba shi haƙuri, ko kuma suka ɗauko labarin Annabi Yunus, wanda dama shi ake karantawa a ibadar yammacin ranar.

Inda na fi daɗewa shi ne a kan zane, domin a irin wannan littafi zane yana faɗin abin da rubutu bai faɗa ba, kuma yaro da zanen yake kama marubuci. Alkukin Hanuka yana da gurbi tara, takwas na darare takwas, na taran kuma na kyandir ɗin da ake kunna sauran da shi, wanda ake ware shi a sama ko a gefe don kada ya shiga lissafi. Alkukin Haikali mai rassa bakwai wani abu ne daban, kuma mai zanen da bai sani ba yakan musanya su. A daren farko kyandir ɗaya ake kunnawa ban da mai kunnawar, kowane dare a ƙara ɗaya, shi ya sa kwalin da ake sayarwa yake ɗauke da guda 44. Na ga wata yarinya da ba ta kai shekara biyar ba ta ɗora yatsa a kan shafi tana ƙirga harsunan wuta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗaga kai ta gaya wa mahaifiyarta cewa littafin ya ce dare na uku ne amma an kunna na dare na biyar. Ba ta iya karanta ko harafi ɗaya ba, mahaifiyar ce ta karanta mata jimlar, amma ƙirgar tata ce, kuma daga nan ba ta sake yarda da littafin ba.

Tun daga lokacin na daina fara tantancewa da rubutu. Nakan fara duba tebur, ko akwai burodi mai yisti a liyafar Idin Ƙetarewa, idin da ba a cin abinci mai yisti a cikinsa, ko an haɗa nama da madara a ci ɗaya, abin da dokar abincinsu ta hana. Nakan duba ƙahon da ake busawa a sabuwar shekararsu, Rosh Hashana, wanda bisa al'ada na rago ne, ba a yarda da na saniya ba. Nakan kuma duba haruffan Ibrananci, waɗanda ake karantawa daga dama zuwa hagu kamar Larabci, domin idan aka juya hoto don ya dace da littafin da ake buɗewa ta ɗaya ɓangaren, haruffan da ke cikin zanen sukan koma a birkice. Har abin wasan Hanuka mai fuska huɗu, wanda ake murzawa kamar katantanwa, yana nuna inda labarin yake, domin harafinsa na huɗu a Isra'ila ya bambanta da na sauran ƙasashe.

Babban abin da na fahimta shi ne cewa mafi yawan waɗannan littattafai ba don su bayyana addinin ga baƙo aka rubuta su ba. An rubuta su ne don su shirya yaron gida ga aikin da ke jiransa. Iyaye kan zo aronsu mako biyu ko uku kafin idi, idan idin ya zo kuma sai kantar ta yi shiru. Liyafar Seder, wadda ake yi a daren farko na Idin Ƙetarewa don tunawa da fitar Bani Isra'ila daga Masar, an gina ta ne a kan umarnin Attaura cewa uba ya ba ɗansa labarin, kuma komai a cikinta an tsara shi don ya sa yaro ya yi tambaya. Ƙaramin yaron gida shi ke tashi ya rera tambayoyi huɗu a kan dalilin da ya sa wannan dare ya bambanta da sauran darare. Ana tsoma ganye a ruwan gishiri don tuna hawayen bayi, ana ɗanɗana abu mai ɗaci don tuna ɗacin bauta, ana cin wani cakuɗen 'ya'yan itace mai kama da lakar gini, sannan a ɓoye gutsuren busasshiyar gurasa marar yisti, yara su bazama nemansa, wanda ya samo a ba shi tukuici. Littafin da ya yi amfani shi ne wanda yaro zai rufe ya san abin da hannunsa zai yi da abin da bakinsa zai faɗa. Wanda ya cika shafi da bayanin ma'anar 'yanci, ko da jimlolinsa sun yi kyau, a kanta yake kwana.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinsu. Hagada, littafin da ake bi a liyafar, an daɗe ana ƙawata ta da hotuna. Wadda ke Sarayebo an yi ta ne a Sifaniya wajen shekarar 1350, shafukanta suna ɗauke da tabon ruwan inabi da ke nuna cewa an ci abinci da ita a kan tebur, kuma wani Musulmi ma'aikacin gidan tarihi, Derviš Korkut, shi ya ɓoye ta daga 'yan Nazi a yaƙin duniya na biyu. A zamaninmu kuma shirin PJ Library, wanda gidauniyar Harold Grinspoon ta fara a Amurka a 2005, yana aika wa iyalai littattafai kyauta har gida, kuma na idi yakan iso kafin idinsa. Wani abin lura shi ne cewa Hagadar gargajiya da ƙyar take ambaton Annabi Musa, amma littattafan yara shi suke sawa a tsakiya, tun yana jariri a cikin kwando a bakin kogi, yayarsa na leƙensa daga nesa. Suna zana shi, ko da yake ba sa zana Ubangiji. A ɗakin karatun da iyalai Musulmi ma suke shiga, na ga ya dace ma'aikaci ya san wannan, ya kuma sanar da uban da ya ɗauki littafin saboda sunan annabin da ya gani a bango.

Sai batun gidan wa aka zana. Yawancin tsofaffin littattafan gida ɗaya suke nunawa, na Yahudawan da asalinsu gabashin Turai ne: dusar ƙanƙara a taga, kaka tana soya wainar dankalin Turawa. Amma Yahudawan Maroko wani fanke suke soyawa a Hanuka, kuma suna da bikin Mimuna da suke yi da zarar Idin Ƙetarewa ya ƙare. Iyalai da yawa daga ƙasashen Gabas ta Tsakiya suna cin shinkafa a Idin Ƙetarewa, alhali na gabashin Turai suna ƙaurace mata. Yahudawan Habasha suna da Sigd, kwana 50 bayan Yom Kifur, wanda Isra'ila ta amince da shi a hukumance a 2008. Kalandar Yahudawa ta wata ce, amma ana ƙara mata wata guda sau bakwai a cikin kowace shekara 19 don idodi su tsaya a lokutansu, saboda haka Hanuka ba ta barin ƙarshen shekara, wanda a Johannesburg ko Melbourne tsakiyar zafi ne. Iyalai masu tsananin riƙo da addini kuma sukan duba suturar da aka zana wa uwa da uba kafin su buɗe shafi na biyu, kuma da yawansu sun fi natsuwa da masu buga littattafai na cikin al'ummarsu. Kuɗin sayayyar ba su da yawa, don haka na ba da shawarar a dakatar da ƙarin littattafan Hanuka, a karkata ga gidajen da ba a zana ba.

Abin da muka yi saɓani a kansa da abokiyar aikina shi ne yadda ake tace labari. Labarin idin Furim, inda sarauniya Esta ta ceci mutanenta daga makircin Haman a daular Farisa, yana ƙarewa da rataye Haman da 'ya'yansa goma da kashe-kashe masu yawa, amma littafin yara yakan ce an kore shi daga fada kawai, ya wuce zuwa shigar burtu da rabon kayan zaƙi da hayaniyar da yara ke yi duk lokacin da aka ambaci sunansa. Haka annobai goma na Masar, inda kwaɗi ke samun shafi biyu na ban dariya, mutuwar 'ya'yan fari kuma ta samu rabin jimla ko ta ɓace. Ita tana ganin hakan daidai ne ga ɗan shekara huɗu, kuma a kan Furim na bi ra'ayinta. A kan annobai kuwa ban bi ba, domin al'adar kanta ta riga ta tanadi yadda za a gaya wa yaro: a teburin Seder kowa yana ɗige ɗigo ɗaya na ruwan inabi daga ƙoƙonsa a kan kowace annoba, kuma bayanin da aka fi yi shi ne cewa farin ciki ba ya cika idan wasu sun halaka, ko da maƙiya ne. Yaron zai ga ana yin haka a gabansa ko littafi ya faɗa ko bai faɗa ba, kuma zai tambaya. Saboda haka na sa littattafan da suka nuna ɗigon a jerin 'yan shekara shida zuwa sama, ita kuma ta bar masu kwaɗin a kwandon ƙanana, aka sayo duka biyun.