Murhu goma sha ɗaya

Talata. Hazo ya rufe gari tun asuba, ko Dutsen Kufena ba a hange daga ƙofar gida. An kawo wuta, kafin in jona dutsen guga an ɗauke.

Auta ce ta jawo zancen. An ba su aikin gida kan garuruwan da ke kan duwatsu, na ce mu je wajen Baba mai gadi tunda ɗan Madagali ne. Da wasa na tambaye shi, "Baba, wai ku nawa ne a garin naku?"

Ya ajiye rediyonsa, ya hau lissafi da yatsu. "Hajiya, mu ba kai muke ƙirgawa ba, murhu muke ƙirgawa. Ina yaro, arba'in da wani abu ke hayaƙi. Bara da na je, goma sha ɗaya."

Dariyar da na fara sai ta maƙale.

Ƙauyensu na cikin duwatsun Mandara, ba nisa da Sukur, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Ya ce gonakinsu hawa-hawa ne, an tare ƙasa da jeren duwatsu don kada ruwan sama ya wanke dawa. Kakanninsu sun hau ne gudun mahara, domin doki ba ya hawa inda akuya ke hawa. Yanzu kuwa makaranta, asibiti, kasuwa, duk suna ƙasa. Rikicin Boko Haram na 2014 ya kore da yawa, waɗanda suka ɗanɗana Mubi da Yola ba su koma ba.

Auta ta ce, "To me zan rubuta? Malama lamba take so." Ni ma ban san me zan ce mata ba, tun ƙidayar 2006 ba a sake yin wata ba. Ta rubuta "murhu 11". Na ƙyale ta.

Shekara shida yana buɗe min ƙyaure, ban taɓa tambayarsa ba sai da aikin gida ya tilasta ni. Abin ya tsaya min a rai.

Miyar kuka ta yi gishiri. Abban yara bai ce komai ba, wanda ya fi magana ciwo.

Da la'asar hazo ya ɗan yaye, Kufena ya fito. Shi ma an ce da mutane a gindinsa kafin a zauna birni. Na manta ban tambayi Baba ko murhun gidansu na cikin sha ɗayan ba.