Godiya ga duk wanda ya sa hannu a ginin gidan Gwaggo

Alhamdulillah, jiya da la'asar aka buga kwanon ƙarshe, Gwaggo da marayunta sun kwana a ɗakinsu. Har yanzu bayana bai miƙe ba, tafin hannuna duk ya yi kanta, amma godiyar nan ba ta jira sai na huta.

Ɗakin Gwaggo ne ya rushe muka haɗu muka sake gina shi, waɗanda suka bi mu tun farko ba sai na maimaita musu ba. Ranar zuba linta, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga, ita ce ta ƙi fita daga raina. Mun kwaɓa kankare, siminti awo 1, yashi awo 2, tsakuwa awo 4, zubi ya kai rabi, sai ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Linta kuwa ba a katse ta a tsakiya, don in rabin farko ya kama kafin a cika sauran, mahaɗar nan ce za ta tsage wata rana. Ruwa kuma in ya daki ɗanyen kankare, wanke simintin sama yake yi ya bar yashi. Ni kam gwiwata ta sage, kwanon sarki a kai, na tsaya ina kallon sama.

Baba birkila ya ce kada a ambace shi. Baba, ka yi haƙuri, yau ba zan ji maganarka ba. Dattijon nan ya yaye tamfol ɗin da ya rufe kayan aikinsa, ya sa matasa suka riƙe a kan katako, shi yana tsaye cikin ruwa yana caccakar kankaren da rodi don iska ta fita, har aka cika. Bayan nan kullum da sassafe yana zuwa ba kankaren ruwa tsawon kwana 7, ya kuma hana a ɗora masa nauyi da wuri, tunda sai ya kwana 28 yake gama ƙarfi. Ko sisi bai karɓa ba. Allah Ya gina masa gida a Aljanna, Ya raya zuriyarsa, Ya jiƙan mahaifansa, Ya sa kada ya nema ya rasa.

Malam kafinta, ƙannenmu mata da suka yi ta jidar ruwa, ɗalibai 'yan sa-kai da ba su ma san Gwaggo ba, Allah Ya saka muku da mafificin alheri.

'Yan'uwa na jini da suka ce suna nan tafe, ba komai, mun san hidima ta yi yawa. Saura filasta da ƙofar banɗaki ranar Asabar, kuma akwai cebur da ba mai riƙewa.