Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gyalena na Farko a Maheshwar

A makon jiya na tsaya ne a inda motar da ta taso daga birnin Indore ta sauke ni a Maheshwar, ni da jakata da littafin zanena. Garin yana bakin kogin Narmada, a jihar Madhya Pradesh ta ƙasar Indiya, kuma tun kafin ki ga masaƙa za ki ji ta. Kowane lungu ƙarar ƙoshiya ce, ƙwas ƙwas, daga hantsi har la'asar. Sai da na tsaya na share hawaye, domin rabona da wannan ƙarar tun rasuwar kakana a Kano.

Sarauniya Ahilyabai Holkar, wadda ta yi mulki daga 1767 zuwa 1795, ita ta mayar da garin mazauninta, ta gayyato masu saƙa suka zauna. Har yau adon da ake sakawa a bakin sari, wato zanen da matan Indiya suke ɗaurawa, daga sassaƙen bangon fadarta ake ɗaukarsa. Akwai na tabarma da suke kira chatai, akwai na tubali, akwai na igiyar ruwa. Abin da ya fi burge ni shi ne bakin zanen ba shi da ciki da baya, duk ta inda aka juya shi ado ne.

Dattijon da ya karɓe ni Musulmi ne, ina ce masa Chacha, wato baffa, shi kuma ya ce mini beti, wato 'yata. 'Yar Indiyancin da na tsinta a finafinai tun ina yarinya ta yi mini rana. Da ya ga hoton masaƙar kakana, wadda ƙyallenta bai wuce faɗin tafin hannu ba sai an ɗinke shi ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana kallo. Tasa masaƙar tana fitar da faɗin da ya haura mita 1 a lokaci guda, sari ɗaya kuma tsawonsa mita 5 da rabi.

Burina shi ne gyale na auduga zalla, jikinsa shuɗi da fari irin saƙin da kakata take ɗaurawa ranar suna, bakinsa kuma adon tabarmar Maheshwar. Na zana, na shafa launi, na miƙa masa cike da zumuɗi. Bai ce ya yi kyau ba. Ya ɗora yatsa a kan layin farko ya ce, "Zare nawa ne nan, beti?" Ban sani ba. Kwana 4 muka yi muna mayar da zanen lissafi, shuɗi kaza, fari kaza, a maimaita sau kaza, har faɗin ya cika.

Sai maganar zare. Na samo shuɗi a wani shago, mai duhu mai sheƙi, na ce wannan ne. Chacha ya murza shi ya ce a jiƙa ɗan kaɗan a kwana, a gani. Ni kuwa kuɗin masaukina sun kusa ƙarewa, na ce a yi wadari kawai, wato a ja zaren tsaye a jera don ɗorawa a masaƙa. Wadari kuma ba na gyale ɗaya ake yi ba, na 12 muka ja gaba ɗaya, matarsa da surukarsa suka wuni suna ɗaura zare ɗai-ɗai da hannu.

Ranar da aka yanko na farko na rungume shi kamar jariri. Na tsoma shi a bokiti, ruwan ya koma shuɗi nan take, farin layukan nan da muka ƙirga suka dusashe suka zama toka-toka. Ni da na tashi ina kai wa kawuna abinci karofin Ƙofar Mata, na san zaren da ya sha baba sai an ɗauraye shi har ruwa ya fito garau. Na sani sarai, gaggawa ce ta rufe mini ido. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wahalar matan nan biyu.

Na ce, "Chacha, ka yafe mini." Ya ɗaga jiƙaƙƙen gyalen a rana, ya juya shi gaba da baya, ya kira matarsa ta zo ta gani. Suka yi magana ƙasa-ƙasa, sannan ya ce kada in taɓa sauran zaren da ke kan masaƙa, in dawo gobe bayan sallar asuba.

Abin da na tarar da safen nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.