Inda na kai da ƙullun idli, da tukunyar Pongal ta bana

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon girkin kudancin Indiya, na gida da na waje. Ga inda aka kwana tun bayan rubutuna na baya.

Ƙullun idli, wato wainar shinkafa da wake da ake turarawa, dai ya fara jin magana, alhamdu lillahi. Awon da na tsaya a kai shi ne kofi 4 na shinkafar idli, kofi 1 na waken urad wanda aka cire wa baƙin ɓawonsa, da ƙaramin cokali 1 na hulba. Shinkafar idli gumi ce, gajeriya mai kauri. Ana jiƙa ta daban, a jiƙa waken da hulbar daban, awa 4 zuwa 6. Waken ake fara markaɗawa, ana zuba ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, har sai ya yi fari tas ya tashi kamar kumfa. Maƙwabciyata a nan Chennai, wata dattijuwa da duk gidan ke kira Paati, ita ta nuna mini gwajin: ki ɗebi ƙullun waken da yatsa ki saka a kofin ruwa. In ya taso sama ya yi, in ya nutse da saura. Ita kuwa shinkafar ba a so ta yi laushi luƙwi, ana barinta da ɗan tsaki-tsaki. Sai a haɗa su wuri guda da gishiri, a juya da hannu, a rufe a babban mazubi domin zai kusan ninkawa.

Ba yis, ba kanwa, ba bakar hoda. Wannan ne ya fi ɗaure wa masu tambayata kai. Ƙwayoyin halittar da ke sa ƙullun ya yi tsami ya kumbura suna zuwa ne a jikin waken da hulbar, kuma shi urad yana da wani yauƙi da ke riƙe iskar a cikin ƙullun ba ta tsere ba. Shi ya sa farin wakenmu ba zai maye gurbinsa ba, komai kyan markaɗe. Wadda ke gida ta nemi urad a shagunan da Indiyawa ke sayayya. Kofi ɗaya yana ɗaukar shinkafa kofi huɗu, don haka ba ya saurin ƙarewa.

Maganar markaɗe tana da muhimmanci fiye da yadda na zata. Gidajen Tamilawa da yawa suna da injin niƙa mai duwatsu biyu da ke juyawa a hankali cikin tulun ƙarfe, kuma birnin Coimbatore ne ya yi suna wajen ƙera shi. Dutsen ba ya zafafa ƙullu, yana kuma buga masa iska. Bilenda kuwa tana yanka ne da gudu, ta ɗumama ƙullun, idli ya fito da nauyi. Mai bilenda ta yi amfani da ruwan firij, ta riƙa kashewa tana hutar da ita, sannan ta rage shinkafar zuwa kofi 3. Da na samu aron injin Paati na ga bambancin da idona: idlin ya fito fari, in ka danna shi da yatsa ya dawo.

Kwanan ƙullu kuma yanayi ne ke yanke shi, ba agogo ba. A zafin Chennai awa 8 ta isa. Amma daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, watan da suke kira Margazhi, gari yana ɗan sanyaya, sai ya nemi awa 12 ko fiye. Ku da ke Kano, Zariya ko Damagaram a tsakiyar hunturu, sanyin dare ya fi na nan nesa ba kusa ba, don haka ku naɗe mazubin da bargo ku ajiye a ɗakin da aka yi girki. Alamar ya yi ita ce ƙamshin tsami mai daɗi da 'yan ramuka in kin saka ludayi. Kada a buga shi bayan ya tashi, a ɗebo a hankali, a turara minti 10 zuwa 12.

Abin da ya fi burge ni a wannan girkin shi ne yadda ƙullu ɗaya ke ciyar da gida kwana da kwanaki, kowace rana da abin da ya dace da shi. Ranar farko, yana da sauƙi da iska, idli ake yi. Washegari ya ɗan kwanta, a ƙara ruwa a yi dosa, mai faɗi siririya da ake shimfiɗawa a kasko. Da tsami ya ƙaru sai a zuba shi da kauri a barbaɗa albasa da tumatir da ɗanyen barkono, ya zama uttapam. Na ƙarshe, wanda ya yi tsami sosai, a soya masa albasa da ganyen kori a zuba a kasko mai gurabu, a juya da tsinke, ya zama paniyaram. Ranar da na fara ganin wannan kaskon na tsaya ina kallo, domin tandar waina ce sak, sai dai gurabunta sun fi ƙanƙanta. Duk wadda ta iya juya waina ta riga ta iya rabin aikin.

Dosa ce har yanzu ba ta kai inda nake so ba. Tana fita, tana ɗagowa daga kasko, amma sirantar nan da ƙaras-ƙaras na gefe bai zauna ba tukuna. Zan dawo kanta a ƙasa.

Sambar, miyar da ake cin idli da dosa da ita, ba ta ba ni wahala ba: waken toor a dafa ya narke, ruwan tsamiya, ƙananan albasa, garin sambar, a ƙarshe a soya ƙwayar mastad da ganyen kori a mai a juye a kai. Abin lura ɗaya, su 'ya'yan zogale suke sakawa, dogayen nan da muke bari su bushe a bishiya. Ana yanka su tsawon yatsa, a dafa, a tsotse cikin a yar da ɓawon. Ku gwada, kuna da su a bayan gida.

Yanzu ga Pongal. Bikin girbi ne na Tamilawa, kwana huɗu, babbar ranarsa ita ce farkon watan Thai, wadda ke faɗowa 14 ko 15 ga Janairu. Tun saura mako kasuwa ta canja kama: rake baƙi dogo da ganyensa an jingine shi a kowace kwana, ɗanyen kurkum da citta an tumɓuko su da ganye, sabbin tukwanen ƙasa an yi musu zane da farin ƙasa da ja. Gwamnatin jihar Tamil Nadu ma takan raba shinkafa da sukari da rake ta shagunan rabon abinci. Ranar farko, Bhogi, ana share gida a ƙone tsofaffin tarkace da asuba, hayaƙi ya rufe unguwa. Rana ta biyu ita ce ta tukunya. Ta uku ta shanu ce, a yi musu wanka a shafa wa ƙahoninsu fenti a rataya musu furanni. Ta huɗu, Kaanum Pongal, ta ziyara ce da fita shan iska, ranar da bakin tekun Marina ba masaka tsinke.

A ranar tukunya matan gidanmu sun fito tsakar gida tun da sassafe. An yi zanen kolam da garin shinkafa a ƙasa, an kafa murhu da bulo, an ɗaure wuyan sabuwar tukunya da kurkum, an jingina rake a gefe. Aka zuba madara da ruwa aka jira. Da ta tafaso ta fara zubowa ta baki, yara da manya suka ɗauki "Pongalo Pongal!" da ƙarfi, sannan aka zuba sabuwar shinkafa. A wajen mabiya addinin Hindu farkon abin da aka dafa na ranar da ke sama ne, gare ta suke miƙa godiya. Ni Musulma ce, na faɗa wa Paati tun kafin ranar cewa zan tsaya in ga girki amma ba zan shiga wannan ɓangaren ba, kuma tawa tukunyar a kicin ɗina zan dafa. Ba ta ji komai ba, ta ce in dai kawo mata ta ɗanɗana. Na ga wannan ya fi alheri da a yi ta noƙe-noƙe, kuma ina ba duk 'yar uwar da ke zaune cikinsu shawarar ta yi magana a fili da ladabi.

Abincin da ake dafawa a tukunyar shi ma pongal ake kiransa. Ga yadda na dafa mai zaƙin, sakkarai pongal. Kofi 1 na ɗanyar shinkafa, irin ta tuwo ta yi daidai, da rubu'in kofi na waken moong da aka ɗan soya a busasshen kasko har ya yi ƙamshi. A dafa su tare da kofi 4 zuwa 5 na ruwa da madara har su narke, a murƙushe da bayan ludayi. Zaƙin kuwa mazarƙwaila ce, kofi ɗaya da rabi, irin tamu ta rake ba wani bambanci. A narka ta daban da ɗan ruwa a tace saboda yashi. Abin da Paati ta nanata mini shi ne kada mazarƙwaila ta shiga sai shinkafa ta gama nuna sarai, domin da zarar zaƙi ya shiga ƙwayar ba za ta ƙara laushi ba. Bayan an haɗa, a rage wuta a yi ta juyawa ana zuba soyayyen man shanu cokali-cokali, a saka dakakken kadamon, a soya kashu da zabibi a man a juye a kai. A sauke shi da ɗan ruwa-ruwa, yana hucewa zai kama jikinsa. Paati ta ɗanɗana ta ce man shanun ya yi kaɗan, kuma na yarda da ita: wannan abincin ba a yi masa rowar mai.

Akwai na gishiri, ven pongal, shinkafa da moong iri ɗaya amma da masoro, kumin, citta da ganyen kori a man shanu. Shi ne karin kumallon da na fi so yanzu, kuma ya fi idli sauƙi ga mai farawa.

Bayan biki ya lafa muka tafi birnin Madurai. A lokacin bikin kansa samun kujera sai an yi da gaske, domin Chennai kusan watsewa take yi, kowa ya nufi garinsu. Tun Nuwamba 2024 ana buɗe sayar da tikitin jirgin ƙasa ne kwana 60 kafin tafiya, na ranakun Pongal kuwa ba ya daɗewa. Mun hau Vaigai Express daga tashar Egmore da rana, ta Villupuram da Tiruchirappalli da Dindigul, muka isa da dare. A cikin jirgin na sami darasin da ban nema ba. Iyalin da ke kusa da mu suka buɗe guzuri: shinkafa da aka cakuɗa da soyayyar tsamiya da gyaɗa da busasshen barkono, wadda suke kira puliyodarai, da idli da aka shafe da man riɗi da yajin podi. An zaɓe su ne don ba sa lalacewa a zafi. Tsamiya da mai da gishiri suna riƙe shinkafar yini guda ba firij. Kayan haɗin kusan duka muna da su, kuma ga masu doguwar tafiya a mota wannan guzuri ne na gaske.

A Madurai mun ga hasumiyoyin wurin bautar Meenakshi daga waje, mun shiga fadar Thirumalai Nayak da aka gina a 1636, mun yi sallah a babban masallacin Kazimar, mun sha jigarthanda, madara mai sanyi da ƙaron almon da ayis kirim. Wasan kama bijimai na jallikattu da ake yi a Alanganallur da Palamedu ya riga ya wuce, ban kuma yi baƙin ciki ba, raunukan da ake ji a ciki ba sa ba ni sha'awa.

Abin da na fi ƙaruwa da shi tsayuwa ce a gaban wani mai dosa a bakin titi da dare. Kafin kowace dosa yana yayyafa wa kaskon ruwa ya goge, wato yana sauke zafinsa ne don ƙullun ya samu ya bazu kafin ya kama. Yana zubawa a tsakiya, ya ɗora gindin ƙaramin kwano a kai, ya zagaya daga ciki zuwa waje a tafiya ɗaya ba ɗagawa, ba dannawa. Sai bayan ya gama shimfiɗawa yake zuba mai, kuma ba ya juya ta, gefen ne ke ɗagowa da kansa. Ƙullunsa ma ya fi nawa ruwa. Da na dawo na koma kaskon baƙin ƙarfe na ware shi don dosa kaɗai, ina goge shi da rabin albasa da ɗigon mai, na kuma sassauta ƙullun. Gefen ya fara yin ƙaras, tsakiyar ce ke da sauran kauri, kuma a nan hannuna yake aiki yanzu.

Abu na gaba shi ne nonbu kanji, kunun shinkafa da moong da madarar kwakwa da masallatan Tamil Nadu ke rabawa lokacin buɗa baki. Wata maƙwabciya Musulma ta yi alkawarin nuna mini kafin azumi. Ku kuma da ke gida, wadda ta gwada ƙullun idli da gumin shinkafarmu ta gida ta faɗa mana awon da ya yi mata da awa nawa ya ɗauka kafin ya tashi, domin ina so mu tsayar da awo ɗaya da zai yi aiki ba sai an nemo shinkafa daga Indiya ba.