Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Na Koma Chappal Waddi

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wancan satin na tsaya ne inda muka juyo daga hanyar Chappal Waddi ba mu kai ƙololuwa ba, tafiyar watan Agusta kenan, ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafi ya cika ya hana mu tsallakewa ga gwiwata ta kumbura. Wallahi abin ya tsaya min a rai, duk sanda na ji an ce shi ne dutse mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Sai da rani ya shiga, cikin Janairu, na sake ɗaura ɗamara. Muka bi ta Serti inda hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti take, daga Mayo Selbe muka fara hawan kwane-kwanen Mambilla, muka kwana a Nguroje, washegari 'yan acaɓa suka kai mu Njawai, daga nan kuma sai ƙafa.

Dattijon nan da ya yi mana jagora a karon farko shi na sake nema. Yana ganina ya ce, "Malam, wancan karon ba ruwa kaɗai ya mayar da kai ba, har da gaggawa. Yanzu sawuna za ka bi, kada ka wuce ni." Na ce to Baba, na ji. Kuma gaskiyarsa ce, don a da gani nake ƙarfi ne ke hawa dutse, ashe numfashi ake tattali. Tafiyarsa a hankali kamar mai bin shanu amma ba ya tsayawa, ni kuma ina bayansa da sandata da ƙullin dabino a aljihu.

Mun yada zango kusa da wata ruga, suka kawo mana kindirmo, a bakinsu na fara jin ana kiran dutsen Gangirwal. Sanyin daren nan kam ba a magana, alwalar asuba sai da yatsuna suka ƙage.

Da hantsi muka kai. Ciyawa ce da iska mai kaɗawa, hazo ya lulluɓe kwari, Baba ya miƙa sanda ya ce can Kamaru ce. Na kasa cewa komai, na yi sujada hawaye na zuba, shi kuma ya koma gefe ya zauna ya ƙyale ni.

Saukowa fa, nan gwiwar ta sake tashi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.