Asabar, ƙarshen hunturu: ƙura a kan layin ƙaramin jirgina

Bayan sallar asuba na shiga lambun bayan gida da tsumma da tsintsiya, saboda iska ta kwana tana zuba ƙura a kan layin dogon da na shimfiɗa kewaye da bishiyar lemun tsami. Jirgin nawa ƙaramin jirgin ƙasa ne na wasa, ƙirar LGB, wanda aka fara yi a Jamus a 1968 domin ya jure zaman waje. Faɗin layinsa milimita 45 ne, kuma kowane tarago an rage shi sau 22.5 daga girman na gaske.

Masu ƙera shi ruwan sama da sanyi suka yi wa tanadi, ba ƙurar Maraɗi ba. Wutar da ke tuƙa kan jirgin ta cikin ƙarafan layin, waɗanda na tagulla ne, take bi, ta shiga ta ƙafafunsa, don haka ko ɗan siririn yashi ya kwanta a kan tagullar, sai ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da kima. Sai da na goge layin duka kafin ya yi zagaye ɗaya lafiya.

Da azahar ta yi, tarago biyu suka goce a kwanar da ke kusa da randa. Tagulla tana miƙewa idan ta sha rana: layi mai tsawon mita 10 yakan ƙaru da kusan milimita 6 idan zafinsa ya hau da digiri 30, wanda ya isa ya tanƙwara kwana. Na sassauta mahaɗai, na bar 'yar tazara tsakanin ƙarafan, sannan na ƙara tsakuwa a ƙarƙashi maimakon in ɗaure layin da siminti, domin ya sami wurin motsi.

Da la'asar maƙwabcina ya leƙo da jikokinsa, ya ce: "Malam, ashe ka riga na Kano isowa!" Yana nufin layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a 2021. Yaran, da ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ido da ido ba, tambayarsu ɗaya ce, wai ina direban yake zama.

A ganina, a gari irin namu sanya batir a cikin tarago na farko tare da na'urar sarrafawa daga nesa ya fi dogaro da wutar layi, tun da ƙura ba za ta ƙara tsayar da shi ba. Ranar Litinin zan kai kan jirgin wurin mai gyaran rediyo a kasuwa, mu duba inda za a yanke wayoyin ƙafafun.