Tallafi Ya Ƙare, Shafi Ya Tsaya

Yau na leƙa shafin wata ƙungiyar agaji da ke yi wa masu neman mafaka bayanin doka kyauta, sai ga sanarwa: tallafinsu ya ƙare, sun daina sabunta bayanai. Jikina ya yi sanyi. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta hana mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari, amma ƙa'idar neman mafaka da wa'adin ɗaukaka ƙara, kowace ƙasa da nata, kuma sauyawa suke yi. Tsohon bayani kaɗai ya isa ya kayar da mai gaskiya.

Tanti da bargo suna samun mai saya, don ana ganinsu a hoto. Albashin mai bin doka yana gyara shafi ne ke wuyar samun mai biya.